Yadda Ake Yanko Furen Gida a Jera Shi a Kwalba Ya Daɗe Bai Yi Yaushi Ba

A Zariya idan aka ce fulawar ɗaki, ta roba ce ke fara zuwa ran mutane, irin wadda ake haɗowa da kayan jeren amarya daga kasuwar Sabon Gari, ta shekara a kan kabet tana shan ƙura. Alhali gidaje da yawa, daga Samaru zuwa Tudun Wada har cikin birni, akwai ɗanyen fure a tsakar gida yana buɗewa yana kaɗewa, babu mai shigo da shi ɗaki. Wanda ya taɓa gwadawa kuma yakan ce abin ba ya ɗorewa: an tsinko da hantsi, kafin la'asar ya sunkuyar da kai. Ba laifin furen ba ne. Ƙishirwa ce ke kashe shi, ko da kuwa gindinsa na tsundum cikin ruwa.

Duk wanda ya taɓa fere rake ko ya karya karan dawa ya ga zare-zaren da ke bin tsawon karan. A cikin irin waɗannan zare-zaren ne ake da siraran hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa ya hau sama, kuma karan fure ma haka yake. Da zarar an raba shi da uwarsa, abu uku ne ke toshe hanyoyin: iskar da karan ke zuƙa a lokacin da bakin yankan ke waje, ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa a ruwan kwalba su yi yauƙi a bakin yankan, sai kuma farin ruwan nan mai kama da nono da wasu itatuwa ke fitarwa, wanda ke daskarewa ya liƙe bakin. Can sama kuwa ganye da fure ba su fasa fitar da ruwa ba. Kusan duk abin da za a faɗa nan gaba dabarar hana wannan toshewa ce. Jerin kansa, wanda mutane suka fi damuwa da shi, shi ne mai sauƙin.

Wanne ya cancanci yanka

Ba kowane fure mai kyau a jikin uwarsa ne ke jure kwalba ba, kuma sanin wannan kan rage ɓacin rai.

Da damina, ziniya, furen lambu mai launi iri-iri, ita ce kan gaba. Asalinta daga Meksiko take, kamar marigol mai furen rawaya ko ruwan goro da kosmos mai siririn kara, shi ya sa zafinmu bai dame su ba. Idan an shuka irinta a watan Yuni da ruwa ya zauna, cikin wata biyu da ɗan kai za ta fara fure, kuma yankan da ake yi mata ƙara mata rassa yake. Takan yi kwana biyar zuwa bakwai a kwalba. Marigol ma haka, sai dai ganyenta na da wari mai ƙarfi, a zage shi duka. Kosmos ba ta kai su ƙarko ba, kwana huɗu ko biyar, amma ita ce ke sa jeri ya yi sakayau. Gomfirena, mai ƙananan kawuna kamar maɓalli masu kaushi a hannu, da selosiya mai kama da zankon zakara, su ne masu taurin rai: sukan haura kwana goma, bayan haka kuma su bushe da launinsu. Wardi yakan yi kwana huɗu zuwa shida idan an yanke shi a kan lokaci. Furen rana yana da kyau amma kansa na da nauyi, sai kwalba mai gindi.

Akwai kuma waɗanda ba a ɗauke su kayan ado ba, alhali sun fi wasu na waje. Zoɓo a ƙarshen damina, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da 'ya'yansa suka yi jajur a jikin jan kara: a zage ganyen a bar 'ya'yan, zai yi fiye da mako. Furen lalle ƙanana ne, ba su da wani kwarjini, amma reshe biyu sun isa su cika falo da ƙamshi. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a suna ba da kore da ƙamshi, har saiwa sukan yi a cikin ruwan. Kan kyasuwa da na gamba, da ake samu a bakin kowace gona a bayan gari idan kaka ta yi, suna ba jeri tsayi da laushi.

Masu yaudara su ne waɗannan. Habiskos furensa na yini ɗaya ne, ko a jikin uwarsa ko a kwalba, babu dabarar da za ta ƙara masa kwana; a tsinko shi da safe a ɗora a faranti, ya yi yininsa. Bogenbiliya, wadda ke cika katangun gidajen ma'aikatan jami'a da launi a tsakiyar rani, abin da ake gani mai launin ba furen ba ne, wani siririn ganye ne mai kama da takarda, furen shi ne ɗan farin da ke tsakiya. Tana saurin yaushi ƙwarai. Firanjifani, mai farin fure da rawaya a ciki, ya fi kyau a sa shi ya yi iyo a kwanon ruwa. Shukar da ake kira kana, mai faffaɗan ganye, ita kuwa furenta ba ya jimawa, ganyenta ne abin ɗauka.

Oliyanda mai dogayen siraran ganye da furen ruwan hoda ko fari, da kariya, da zaƙami, masu dafi ne. Oliyanda tun daga ganye har fure, har ruwan da ta kwana a ciki. Gidan da ke da yara masu rarrafe, ko kaji da awaki masu shan duk ruwan da aka zubar, gara a bar su a jikin katanga.

Don koren da zai riƙe jeri, ganyen lemo, na gwaiba da na moɗa sun fi ƙarko. A ɗauki ganyen da ya ƙosa ya yi duhu. Sabon toho mai laushi ba ya kai awa biyu. Darbejiya na ko'ina, amma ganyenta na saurin langaɓewa.

Kwalba da sauran kaya

Wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, ko almakashin lambu idan akwai. Almakashin ɗinki da ya dakushe matse kara yake yi maimakon ya yanka, ya murƙushe hanyoyin ruwan tun daga farko. Sai bokiti mai tsabta, da salatif, da kwalbar.

Ba sai an sayi kwalbar fure ta musamman ba. Kwalbar bama ko ta zuma da aka wanke, kofin gilashi mai tsayi, tsohuwar butar shayi ta tangaran da murfinta ya fashe, duk suna yi. Abin dubawa shi ne baki da gindi. Baki mai faɗin santimita 7 zuwa 10 ya fi sauƙin sarrafawa. Wanda ya fi haka faɗi fure yake ci da yawa, kuma karan sai su baje gefe su bar tsakiya wayam. Gindi kuma ya zama mai nauyi. Idan kwalbar ba ta da nauyi, a zuba wankakkiyar tsakuwa kamar yatsa biyu a ƙasa. Gwangwanin ƙarfe yana tsatsa, lemun tsamin da za a sa a ruwa kuma yana cin sa, sai dai a sa kwalba a cikinsa.

Ƙaramin tulu ko tukunyar ƙasa sun fi komai dacewa da zoɓo da ziniya a ido, amma suna tsattsafo, su ɓata tebur, ga shi ba sa wankuwa sosai a ciki. Maganin abin shi ne a zura kwalba ko gorar ruwa da aka yanke wa kai a ciki, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yashin zai riƙe kwalbar kada ta motsa, kuma yayin da danshin ke fita ta jikin tukunyar sai ruwan furen ya yi sanyi. Hikimar tukunya cikin tukunya ce, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990 don adana kayan miya. A sa faranti a ƙarƙashi.

Wankin kwalba ba ɗauraya ba ce. A wanke da sabulu da soso har ƙasa, a jiƙa minti goma da ruwan da aka ɗiga wa Hypo ko Jik, a ɗauraye. Ma'aunin shi ne: idan ba za ka yarda ka sha ruwa a cikinta ba, ba ta wanku ba. Bokitin ma haka, kada a ɗauko na mofa.

Yanka

Lokacin yanka shi ne bayan sallar asuba zuwa kafin rana ta yi zafi, wajen ƙarfe takwas. A lokacin karan ya kwana yana shan ruwa, ya cika ya yi ƙarfi. Idan safiya ba ta samu ba, sai dab da magariba. Tsakar rana, musamman a Maris da Afrilu, asarar fure ce kawai. Da rani a yi wa shukar ban-ruwa sosai da yammacin jiya. Da damina kuma kada a yanka nan take bayan ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta. Jiƙaƙƙen fure yana yin tabo ya yi fumfuna, a bari iska ta ɗan busar da shi.

A fita da bokitin da ruwa kamar taki ɗaya a ciki. Wannan shi ne abin da aka fi rainawa, kuma shi ya fi komai tasiri. Kowane kara da aka yanka ya faɗa ruwa nan take, ba a tara a hannu ko a faifai ana zagaya lambu ba. Kafin a jefa shi, a zage ganyen rabinsa na ƙasa da yatsu biyu.

A yanka a karkace, kamar firar alƙalamin allo. Karan da aka yanke a miƙe yakan zauna daram a ƙasan kwalba ya toshe bakinsa da kansa, na karkace kuwa tsininsa kaɗai ke taɓa ƙasa. A yanka ɗan sama da gaɓa, inda ganye biyu suka fito, domin daga nan uwar za ta sake fitar da rassa. Kuma a yanko da tsawo fiye da yadda ake bukata, kamu ɗaya idan shukar ta kai. Ragewa mai sauƙi ce.

Kowane fure da matakin da ake ɗaukarsa. Ziniya ba ta ƙara buɗewa bayan yanka, saboda haka sai ta buɗe sarai. Akwai gwajin da ba ya kuskure: kama karan kamar taki ɗaya ƙasa da furen ka girgiza a hankali. Idan kan ya yi ta lilo, bai ƙosa ba, a ba shi kwana biyu. Idan ya tsaya ƙyam, a yanka. A kula da wuyanta, rami ne a cikinsa daidai ƙarƙashin furen, matsa kaɗan ke karya shi. Marigol da gomfirena ma sai sun buɗe. Wardi akasin haka ne: a ɗauke shi lokacin da korayen ganyen da ke rufe ƙunshin suka juya ƙasa, falle ɗaya ko biyu na waje suka fara saki. Wanda ke dunƙule da tauri kamar goro ba zai buɗe ba, wanda ya buɗe har ana ganin cikinsa kuma gobe zai zube. A yanke shi sama da ganyen da ke da ƙananan ganye biyar a jikinsa. Kosmos a ɗauke ta tana fara tsagewa, furen rana kuma lokacin da fallayensa suka fara ɗagowa daga fuskar. Ɗoɗɗoya sai ta fara fitar da kai, lokacin karanta ya yi ƙwari.

Kafin shiga ɗaki a juya kowane fure a kaɗa shi. Tururuwa, ƙananan gizo-gizo da tsutsa suna kwana a cikin marigol da selosiya.

Shayarwa kafin jeri

Masu gaggawa a nan suke faɗuwa. Furen da aka yanko bai kamata ya wuce kai tsaye cikin kwalba ba, sai ya sha ya ƙoshi. A kai bokitin wuri mafi sanyi da duhu a gidan, kusa da randa ko lungun da rana ba ta shiga. A ƙara ruwa ya kai rabin karan ko fiye, ba tare da ya taɓa furen ba. A sake datse santimita 2 zuwa 3 daga gindin kowane kara, in da hali a cikin ruwan, domin a cire wurin da ya zuƙi iska. A bar su aƙalla awa uku. Wanda aka yanka da yamma ya kwana a haka. Idan baƙi za a yi da azahar ranar suna, yankan magaribar jiya ya fi na safiyar yau.

Wasu karan suna da bukata ta daban. Masu itace, irin su lalle, iksora mai ƙananan fure a dunƙule, reshen lemo da gwaiba, a tsaga gindinsu a tsaye kamar santimita 3, a kankare ɓawon wurin. Kada a daddake da dutse kamar asuwaki. Dakakken nama ruɓewa yake yi ya ɓata ruwa. Wardi a cire ƙayoyin da za su shiga ruwa ta hanyar tura su gefe da babban yatsa, ba a fere jikin karan da wuƙa ba, don kowane rauni ƙofar ruɓa ce.

Masu farin ruwa kamar na tumfafiya, irin su firanjifani da alamanda mai furen rawaya, a tsoma santimita 2 na gindinsu cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 15 zuwa 20, a mayar cikin ruwan sanyi nan da nan. A naɗe furen da takarda a karkata shi gefe kada tururi ya dafa shi. A ba su bokitinsu daban, a wanke hannu da wuƙar, kada ruwan ya shiga ido. Idan an sake datse irin wannan karan daga baya, sai an sake tsomawa.

Wanda ya nace sai bogenbiliya, ya zage koren ganyen kaf, ya tsaga gindin, ya nutsar da reshen gaba ɗaya har kai a cikin baho na kamar rabin awa, sannan ya tsayar da shi a ruwa. Duk da haka kada ya sa ran fiye da kwana biyu ko uku.

Ruwan kwalba

Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi kowanne. Na famfo da na burtsatse suna yi. Na rijiya idan ya yi jirwaye, a bari ya kwanta a tsiyaye na sama, don laka ma toshe kara take yi. Kada a sa ruwan da ya wuni a tankin kan rufi ya yi zafi, kada kuma a sa mai ƙanƙara.

Ga haɗin, a lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu: babban cokali biyu na ruwan lemun tsami da aka tace, babban cokali ɗaya na sukari, da rabin ƙaramin cokalin shayi na Hypo ko Jik. Sukarin shi ne abincin furen, tunda ya rabu da ganyen da ke ciyar da shi. Lemun tsamin yana sa ruwa ya fi saurin hawa kara. Bilicin kuma, wato Hypo ko Jik ɗin, yana kashe ƙwayoyin cuta. Ukun tare suke aiki. Sukari shi kaɗai ya fi rashin sa komai muni, don ƙwayoyin cutar yake ciyarwa, kafin kwana biyu ruwan ya yi fari ya yi ɗoyi. Idan babu bilic a gida, a bar sukarin ma, a yi da ruwa zalla ana canzawa kullum.

A zuba ruwan tukuna, a sa lemun a juya, a sa sukari a juya, bilic a ƙarshe. Kada a taɓa haɗa lemun tsami da bilic su biyu a kofi babu ruwa, iska mai shaƙe numfashi suke fitarwa. Kada kuma a ce bari a ƙara don ya fi aiki: idan gindin karan ya koɗe ya yi fari, bilic ya yi yawa. Ziniya musamman ba ta son sukari mai yawa, idan ita ce mafi rinjaye a rage shi zuwa rabi. Maganar jefa ƙwayar farasitamol ko tsohon kwabo a ruwa, a bar ta.

Jerin kansa

Kafin a ɗauki kara ɗaya, a san inda kwalbar za ta zauna. Ta kan teburin tsakiyar falo ana ganinta ta kowane gefe, kuma kada ta yi tsayin da za ta tare fuskar mai magana da wanda ke gabansa. Ta jikin bango fuska ɗaya gare ta, dogaye a baya, gajeru a gaba. Inda ake zama a kan darduma kuwa daga sama ake kallon fure, don haka kwano mai faɗi da gajerun kara ya fi doguwar kwalba.

A ɗauki kwalba mai tsayin taki ɗaya, kamar santimita 20, mai baki santimita 8. A cika ta da haɗin ruwan zuwa kashi uku cikin huɗu. A goge bakin ya bushe, a gitta salatif siriri biyu ta nan biyu ta can, ya zama raga mai gida tara, sannan a zagaye bakin da wani salatif ɗin ya danne ƙarshensu. Idan mazubin ba a ganin cikinsa, guntun wayar kejin kaji da aka dunƙule aka cusa ta fi salatif riƙo. Kwalba irin wannan kara 17 zuwa 20 take ɗauka. Misali: ganye biyar, manyan fure uku, matsakaita biyar, ƙanana huɗu, dogaye uku.

Ganye ne farko. A zura su a karkace daga gefe, karan kowanne ya gitta na gabansa a cikin ruwa, a riƙa juya kwalbar. Wannan gittawar ita ce ƙashin jerin, ita za ta riƙe sauran. Biyu su ɗan leƙo ƙasa su rufe bakin kwalbar da salatif ɗin. Ko ganye ɗaya kada ya shiga ruwa. Ganyen da ke cikin ruwa shi ne farkon ruɓa.

Sai dogayen, kyasuwa ko zoɓo ko selosiya mai tsini, su za su nuna iyakar tsayi. Mafi tsawo ya ɗara bakin kwalba da kamar tsayinta ɗaya da rabi, wato karan gaba ɗaya kamu ɗaya, santimita 45 zuwa 50. Sauran biyun su gaza shi, kuma kada su yi daidai da juna. Hanyar aunawa ita ce a jawo kwalbar bakin tebur, a riƙe karan a gefenta ana ɗagawa ana saukewa har a ga inda ya dace, sannan a yanke daidai ƙasan kwalbar. Kowane kara a sake masa sabon yanka kafin ya shiga, ko da santimita ɗaya ne.

Manyan furen su zauna ƙasa-ƙasa kusa da tsakiya, don nauyi a ido ƙasa yake so. Guda uku, tsayinsu daban-daban, ɗaya ya kusa taɓa bakin kwalba. Uku ko biyar sun fi biyu ko huɗu. Fure biyu masu girma ɗaya a jere sai su zama kamar idanu suna kallon mutum. Kada kuma duk su fuskanci gaba kamar masu ɗaukar hoto, wani ya kalli gefe, wani sama. Matsakaitan su shiga tsakani, wasu a tura su ciki sosai don jerin ya yi zurfi. Ƙananan, gomfirena da furen lalle da kosmos, su ne na ƙarshe, a sa su biyu-biyu ko uku-uku a inda ya yi rami, a bar kosmos ta ɗan ɗara sauran tana rawa.

Launi kuwa, duk wadda ta iya zaɓa wa atamfa gyale ta riga ta iya. Launi biyu da kore sun isa. Ja da ruwan goro da rawaya 'yan gida ɗaya ne, suna tafiya tare. Ruwan hoda da fari da shunayya ma haka. Rawaya da shunayya suna fito da juna idan ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ziniyar da aka shuka daga gaurayen iri takan zo da launi shida ko bakwai, kuma zuba su duka a kwalba ɗaya hayaniya ce. Gara a raba su ƙananan kwalabe uku.

A ja da baya taku uku a duba, a zauna a kujerar da baƙo zai zauna a sake dubawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cunkoso. Idan fure na danne fure, ko kara ba ya shiga sai da turawa, a cire biyu ko uku. Cunkoson kara a bakin kwalba yana murje su, iska kuma ba ta ratsawa.

Mazauni da kulawa

Rana kai tsaye ta taga, ƙarƙashin fanka, gaban na'urar sanyaya ɗaki, kan firji ko talabijin mai ɗumi, duk suna tsotse ruwan fure. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar kanta busasshiya ce, gefen fallayen wardi yakan ƙone ya yi ruwan ƙasa cikin kwana biyu. A nisanta kwalbar da taga da ƙofa, a duba ruwa safe da yamma, a ɗan fesa ruwa a ganyen. Da dare a kai ta kusa da randa.

Akwai wani maƙiyin da ba a gani. Ayaba, mangwaro, gwanda da tumatir masu nuna suna fitar da iskar etilin, ita ce ke sa ɗanyar ayaba ta nuna idan an rufe ta da nunanniya. Fure kuma tsufa take sa shi, ya zubar da fallaye, ƙunshi ya faɗi bai buɗe ba. Hayaƙi ma yana ɗauke da ita: na murhu, na janareta, na taba, har da turaren wuta. Idan za a turara falo, a fitar da kwalbar, a dawo da ita bayan hayaƙin ya washe.

Kwana biyun farko fure ya fi shan ruwa, furen rana kaɗai kan sauke kwalba da yatsa biyu a yini. A riƙa cikawa. Duk bayan kwana biyu, kullum idan bazara ce, a kama furen gaba ɗaya da hannu ɗaya a ɗaga, a zubar da ruwan, a wanke kwalbar, a ɗauraye yauƙin gindin karan, a datse santimita ɗaya ko biyu, a zuba sabon haɗi. Wannan canjin yana da wani amfanin: sauro na yin ƙwai a ruwan da ya zauna, kuma mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo. A goge cikin kwalbar da soso, don akwai irin sauron da ke manna ƙwansa a jikin mazubi daidai saman ruwa. Duk furen da ya mutu a zare shi, shi ma etilin yake fitarwa.

Wardin da ya lanƙwashe wuya alhali fallayensa ba su bushe ba, iska ce ta toshe shi, kuma yakan farfaɗo. A datse santimita 3, a kwantar da shi gaba ɗaya a bahon ruwa mai ɗumi kaɗan, a miƙar da wuyan, a bar shi awa ɗaya. Ziniyar da wuyanta ya karye ba ta miƙewa, a yanke ta gajere a sa a kofin shayi. Idan tururuwa sun yi layi zuwa kwalba, ruwan sukari ne ya zuba a jikinta. A goge, a ɗora ta a faranti mai ɗan ruwa. Idan jerin ya buɗe tsakiya ya kwanta gefe-gefe, bakin ya yi wa furen faɗi: a tattara karan a ɗaure da zare sako-sako daidai inda bakin kwalba yake, ko a koma ƙaramar kwalba. Da ma bayan datsa biyu ko uku karan sun gajarta, ƙaramar ce za ta fi dacewa da su.

Gomfirena, selosiya, zoɓo da kyasuwa, idan sauran sun tafi, a ciro su tun ba su fara ruɓa ba, a yanke jiƙaƙƙen gindin, a ɗaure biyar-biyar, a rataye kai ƙasa a inuwa inda iska ke wucewa. Da hunturu mako ɗaya zuwa kwana goma sun bushe, da damina sai an ba su mako biyu ko uku ana duba fumfuna. Busassun a sa su a tulu babu ruwa, yashi busasshe ya riƙe su. Kwalbar kuma idan mai ƙaramin wuya ce da soso ba ya shiga, a zuba ɗanyar shinkafa cokali biyu ko yashi mai laushi da ruwan sabulu, a toshe baki a girgiza sosai, a ɗauraye, a kife ta ta bushe kafin a ajiye.